Maraicin Aro

Caney Branch, Kentucky
9 ga Afrilu, 1974

Inna Earlene,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya idanun nan naki da Mama ke cewa keken ɗinki zai cinye su? Ni lafiyata lau, sai tarin da na yi fama da shi a ƙarshen sanyi, shi ma ya sake ni. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da ke tun jana'izar Mama, shekara huɗu ke nan. To ke ce 'yar kawunta, ke kaɗai ce jinina a Nashville, kuma mawaƙan garin nan ta hannunki suke bi in suna son rigar hawa dandamali. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ranar Larabar da ta wuce ina guga a kicin, na jingina littafin soyayyar da nake karantawa da gwangwanin sukari ina leƙawa, rediyo na yi. Sai mai gabatarwa ya ce ga waƙa ta biyu daga faifan farko na ɗan garinmu, Del Tackett. Mijina Delmer ke nan, tun da ya tafi can bara suka gutsure masa suna. Waƙarsa ta farko, "Kar Ki Jira Ni Ran Asabar", ta ɗan yi tashe, har na gaji da jin ta. Wannan kuwa goge ne ya fara a hankali, sai muryarsa ta biyo baya:

Allo ya zama wayam, kowa ya ɗauki tasa,
Lamba arba'in da ɗaya na nan rataye a ƙusa.

Inna, sai da na ƙona rigar zuwa coci. Waƙata ce. Kin fi ni sanin allon nan na bakin ramin kwal, inda kowa ke rataye lambarsa ta tagulla in zai shiga, ya cire in ya fito. Ta Baba ce ba a cire ba, ina shekara goma sha ɗaya. Shekarar da muka yi aure na rubuta waƙar a littafina, na sa mata sauti da kaina, na rera wa Delmer a kan teburin nan, yana bi na da jita yana share hawaye.

Kuka na yi da dariya a tare. Kafin a kai amshi na biyu har na ga kaina a Nashville cikin doguwar farar riga, Delmer ya miƙo hannu daga dandamali yana cewa, "Jama'a, ga wadda ta rubuta." Kin san halina, littattafan nan sun ɓata ni. Ina cikin wannan mafarki waƙar ta ƙare, mai gabatarwa ya ce Del ne ya rubuta ta tare da Hoyt Ramey da Tubby Lawson, don tunawa da mahaifinsa da rami ya rufta wa yana yaro. Har ya ƙara da cewa Allah ya ji ƙan tsohon.

Tsohon kuwa, surukina Baba Virgil, yana nan da ransa yana sayar da abincin kaji da irin shuka. Na cire wayar guga na gangara shagonsa. Masu zaman benci na hango ni, wani ya ɗaga hula ya ce, "Ga surukar marigayi nan tafe!" Baba Virgil yana auna masara ya ce, "'Yar nan, ke ma kin ji? Ashe na mutu shekara goma sha biyu ba wanda ya gaya mini. Da na sani ai da na daina tashin asuba." Suka kwashe da dariya. Da ya dubi fuskata sai ya ajiye mudun. Ya ce, "Ubanki Clyde Mullins namiji ne. Ni ko bakin rami ban taɓa leƙawa ba, tsoron duhu nake."

Washegari faifan ya iso ta gidan waya. Na juya bayansa, sunaye uku ne, babu nawa. Kuma sun mayar da ranar da ramin ya rufta Juma'a a cikin waƙar, alhali Talata ce.

Kin san wayarmu layi ɗaya ce da gidaje shida, in ta yi ƙara kowa sai ya ɗauka ya kasa kunne. Don haka da Delmer ya bugo ran Lahadi, abin da kawai na ce shi ne na ji waƙar. Ya ce, "Glennie, haka ake yi a nan, zan yi miki bayani." Inna, da gaske haka ake yi?

'Yarki,
Glenna Faye


Nashville, Tennessee
21 ga Afrilu, 1974

Glenna Faye 'yata,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da tarin ya tafi. Ki riƙa shan zuma duk da haka. Idanuna dai sai godiya, likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe na hagu. Yanzu zare sai na yi ta lalube kafin ya shiga allura.

Kin tambaye ni ko haka ake yi. Haka ake yi. Ƙa'idar garin nan ita ce ɗaki. Duk wanda ke cikin ɗaki lokacin da aka kammala waƙa, sunansa na kanta, ko da kofi kawai ya shigo da shi. Wanda ba ya ciki kuwa, ko shi ya yi naƙudarta, ba shi ba ita. Shekara ashirin da biyu ina nan, na ga an yi wa maza ma, balle mace da ke can bayan duwatsu tana guga. Wannan ban yi mamakinsa ba. Zancen uba ne ban taɓa ji ba.

Mijin naki ya zo gwajin riga ran Alhamis, shuɗiya mai duwatsu masu walƙiya a kafaɗa. Na bari sai da ya hau kan akwati ya buɗe hannuwa, bakina cike da fil, sannan na ce, "Suruki, ashe rashi aka yi muku? Ba ku aiko ba, ai da na kawo abinci gidan makoki." Ya yi ja har kunne. Na soka masa fil a ƙugu, na ce idon ne.

Ga abin da ya ce, na kawo miki yadda na ji. Wai mutumin kamfani mai rubuta tarihin mawaƙa ne ya tambaye shi waƙar a kan wa take, shi kuma ya ce, "A kan dattijon gidanmu." Mutumin ya rubuta abin da ya ga dama, kafin ya ankara an buga a bayan faifai dubu nawa. Na ce, "To bakinka fa, ɗinke shi aka yi?" Ya ce, "Inna, ke ma kin san garin nan. Wa zai saurari ɗan mai sayar da abincin kaji yana waƙar rami? Cewa za su yi ƙarya nake." Na ce, "To yanzu gaskiya kake?" 

Ban ce mugu ba ne, Glenna. Ya rame, sai da na rage wandon inci biyu. A mota yake kwana tsakanin gari da gari, kuma tsoro ya cika shi, irin na wanda ya hau dokin da ba nasa ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara, ni da nake ɗinki na fi kowa sani.

Yanzu ki saurare ni. Ki riƙe bakinki, kar ki ce wa kowa komai sai na sake rubuto miki. Waƙar tana hawa jerin waƙoƙin mako kamar wuta a busasshen daji, kuma ba a girgiza tsani mutum na kai. Ya ba ni aikin riguna biyu kuma, don haka zan riƙa ganinsa. Ki gaishe da marigayi, ki ce ya rage shan taba, kar ya mutu sau biyu.

Innarki,
Earlene


Caney Branch
14 ga Mayu, 1974

Inna Earlene,

Ina gaisuwa, da fatan idon ya yi sauƙi. Ni lafiya, na shuka wake da tumatir, ruwa ma ya yi mana kirki. Na isar da saƙonki ga Baba Virgil, ya yi dariya har ya ƙware.

Na riƙe bakina kamar yadda kika ce, mako uku ke nan, kuma ina jin sa kamar na riƙe garwashi. A coci mata na rungume ni suna cewa Clyde zai yi alfahari da surukinsa. A nan kowa ya san gaskiya, amma sun ɗauke ta wasa, wai ai ɗan garinmu ne, in Nashville na son marayu a ba ta.

Kin dai ji waƙar ta kai ta ɗaya. Delmer ya zo shekaranjiya Lahadi, cikin wata doguwar motar kamfani, da furanni a hannu. Ba zan ɓoye miki ba, da na gan shi a bakin shinge zuciyata ta buga kamar ranar da ya fara raka ni gida. A littattafaina a nan ne miji ke durƙusawa ya ce ya yi kuskure. Na ma riga na shirya abin da zan ce in na yafe masa. Ya ɗaga ni sama ya juya, ya ci wake da burodin masara kwano uku, sannan ya ce, "Glennie, mun kai ta ɗaya! A ƙasar nan kaf!"

Na ce, "Mu wa?"

"Ni da ke mana."

"Ban gan ni a bayan faifan ba. Har tabaran babanka na ara na duba."

Ya ajiye cokali. "Ba ki cikin ɗakin, Glennie. Ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba."

Na ce, "Ina cikin ɗakin da aka shigo da ubana a nannaɗe cikin bargo bayan kwana uku. Tubby Lawson yana ciki?"

Ya juya kofinsa. Na tambaye shi dalilin Juma'a. Ya ce Hoyt ne ya ga Juma'a ta fi zama a baki. Na ce ubana bai samu damar zaɓar ranar da ta fi zama a baki ba.

Inna, duk wannan da sauƙi. Da ya ga na ɗan lafa sai ya riƙe hannuna, ya ce abu biyu yake roƙo. Na ɗaya littafin waƙoƙina, don kamfani na son faifai na biyu kafin sanyi, kuma ya yi alkawari wannan karon zai duba yadda za a yi da sunana. Zai duba! Na biyu lambar Baba. Wai yana so ya sa mata sarƙa ya rataya a wuya, in ya zo baitin ƙarshe ya ɗaga ta sama mutane su gani.

Lambar nan shugaban ma'aikata ne ya cire ta daga ƙusa da hannunsa ya damƙa wa Mama. Tana cikin gwangwanin biskit tare da takardar aurensu. Na tashi na ɗauko ta, ya miƙo hannu yana murmushi, na jefa ta cikin aljihun rigata na zauna. Na ce, "Ka gangara shago ka tambayi ubanka tasa."

Ƙarfe huɗu ya tafi, yana da wasa a Knoxville. Furannin suna nan a kwalba, ba su yi mini laifi ba. Inna, har yaushe zan riƙe bakin nan? Ki rubuto.

'Yarki,
Glenna Faye


Caney Branch
3 ga Yuni, 1974

Inna,

Ina fatan kina lafiya, don ban san abin da zan ce ba kuma. Ni dai ina nan. Kullum sai na gangara gidan waya, har matar da ke wurin ta fara girgiza mini kai tun daga taga.

Mako shida rabona da rubutunki. Na ɗauko wasiƙarki na sake karantawa, sau biyar na karanta ta, yanzu na gane abin da ban gane ba da farko. Kin ce in riƙe bakina, kin ce kar a girgiza tsani, sannan a layi na gaba kin ce ya ba ki aikin riguna biyu. Ashe tsanin ke ma kina kai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ban ga laifinki ba, can kike zaune, can kike cin abinci. Amma da kin gaya mini kai tsaye, da ban zauna ina jira kamar wawiya ba.

Shekaranjiya wata mata daga Ohio ta rubuto wasiƙa gidan nan da sunan Delmer. Mijinta ma rami ne ya ci shi. Ta ce in ta ji waƙar sai ta ji ba ita kaɗai ba ce, ta ce Allah ya yi wa uwar da ta rene shi cikin maraici albarka. Uwarsa da ta rasu a gadonta da mijinta a gefe! Wasiƙar nan tawa ce, Inna. Ni ta rubuto wa, ba ta sani ba. Na zauna zan ba ta amsa, na rasa sunan da zan sa a ƙasa.

Na daina karanta littattafan nan. Duk cikinsu babu wanda ya faɗi abin da mace ke yi in ta tarar jarumin ne ya shiga gidan ya yi sata.

In ba za ki rubuto ba, shi ke nan. Ki sa wa rigunan duwatsu da yawa.

Glenna Faye


Nashville
12 ga Yuni, 1974

Ke Glenna Faye,

Uwarki ma da muka tashi tare ba ta taɓa yi mini wannan rashin kunya ba. Aiki aka yi mini a ido ranar shida ga Mayu. Mako uku ina kwance a rigingine, an naɗe mini fuska, an tare kaina da matasai don kar in motsa. Maƙwabciyata Opal ce ta karanta mini wasiƙunki biyu, in ta kai wani wurin sai ta tsaya ta ce, "Earlene, in ci gaba?" Yanzu ina gani, shi ya sa rubutun ya yi manya-manya. Rigunan da kike magana suna nan a yanke a kan tebur, ko allura ban sa musu ba. Na yafe miki, don da ni ce a can ina jira da abin da zan rubuta ya fi naki muni.

Ga dalilin da ya sa na ce ki yi shiru. So nake in je in dawo miki da sunanki a hannu ba tare da an yi faɗa ba. Kafin in shiga asibiti na je wurin Hoyt Ramey. Shekara ashirin na san shi, duk shekara sai na ƙara wa wandonsa faɗi. Na zayyana masa komai. Ya cire hula ya shafa sanƙonsa ya ce, "Earlene, a kammale yaron ya shigo da ita. Ni rana kawai na canja, Tubby kuwa taba ya sha. Na ma yi mamakin yadda yaro mai laushin hannu haka ya san ƙarar ƙusa." Ya ce shi bai ƙi ba a ƙara sunanki, Tubby ma ba zai ƙi ba. Ya bincika, aka ce masa abu ne mai sauƙi, mawaƙin ya sa hannu a takarda ɗaya, bugu na gaba sunanki ya fito.

Hoyt ya kai wa Delmer takardar da kansa. Delmer ya ce ba yanzu ba. Ya ce in aka ga sunan matarsa za a fara tambaya, tambaya kuma ba ta tsayawa inda ka so. Wannan ke nan. Ba ƙa'idar ɗaki ce ta hana ki ba, 'yata. Na so in kawo miki labarin da ya fi wannan.

Akwai na biyu, Hoyt ne ya gaya mini jiya da ya zo duba ni. Wata babbar mujallar waƙa za ta turo ɗan jarida da mai ɗaukar hoto Caney Branch ranar Asabar, ashirin da biyu ga wata. Za su ɗauki Delmer a bakin tsohon rami, sannan a maƙabarta. Mutumin kamfani ya tsara Delmer ya tsaya a gaban dutsen kabarin ubanki, ya riƙe hula a ƙirji, ya tare sunan da jikinsa. Ke kuma za ki dafa musu abincin rana.

Ban ce ki yi kaza ba, ban ce ki bar kaza ba. Amma ki san farashin kaya kafin ki taya. Garin nan yana yafe wa mashayi, yana yafe wa wanda ya gudu ya bar mata da 'ya'ya, har waƙa yake yi musu. Abin da ba ya yafewa shi ne mutum ya yi ƙaryar inda ya fito. In kika yi magana, wataƙila Delmer ya gama ke nan. Kuma kar ki zaci za a buɗe miki ƙofa don kin faɗi gaskiya. Macen da ta kayar da mawaƙinsu, ba ɗakin da za a kira ta ciki. Kina iya rasa mijin, sunan ma ki same shi a kan faifan da ba mai sake sa shi a rediyo.

Akwai gado a ɗakin ɗinkina, a ƙarƙashin tarin yadi. Ko da Delmer ko babu shi, naki ne.

Innarki mai ido ɗaya da rabi,
Earlene


Caney Branch
18 ga Yuni, 1974

Inna Earlene,

Na durƙusa, ki ƙara yafe mini. Na ji kunya har na kasa haɗa ido da wasiƙarki. Allah ya ƙara sauƙi, ki bi maganar likita, kar ki koma kan keke da wuri. Ki gaishe da Opal, ki ce ba haka nake kullum ba. Ni lafiya, waken ya fara fure.

Waƙa ta uku ta fito, "Fitilar Baranda". Ba tawa ba ce, kuma tana da daɗi. Muryar nan tasa har yanzu in na ji ta sai in bar abin da nake yi in saurara. Ina gaya miki ne don kar ki zaci na daina son sa. Da na daina, da abin ya zo mini da sauƙi.

Ran Asabar na je shago da wasiƙarki a aljihu, ina zaton Baba Virgil zai tsaya tare da ni. Na tarar ya riga ya sani. Delmer ya roƙe shi ya rufe shago ranar, ya tafi wurin ƙanwarsa a Ohio sai Litinin. Na ce, "Baba, ka yarda?" Bai dube ni ba, yana ta ɗaure bakin buhu. Ya ce, "Ɗana ne, 'yar nan. Ban iya ba shi komai ba sai jitar nan. In mutuwar kwana biyu za ta taimake shi, ai ba ta da tsada." Ba dariya a muryarsa wannan karon. Ya ce masu zaman benci ma duk sun yi alkawarin kama bakinsu. Ya ce, "Ke ma ki yi haƙuri, Clyde ba zai ji ba." Na ce, "Ni zan ji."

Daga nan na hau tudu wurin kabarin ubana. Ciyawa ta rufe dutsen har rabi. Na cire ta da hannu, na wanke rubutun da ruwan rafi har kowane harafi ya fito. Na gwada tsayawa inda za su tsayar da Delmer. Mutum ɗaya ya isa ya rufe sunan duka, Inna, sai shekarun kawai ake gani ta gefen ƙafarsa. Sun auna abin da kyau.

Ba na son in yi masa kwanton ɓauna, mijina ne. Ran Lahadi da ya bugo waya ina jin ana ɗaga kawunan waya ɗaya bayan ɗaya, har numfashin matar fasto na ji. Ban damu ba. Na ce, "Delmer, takardar da Hoyt ya kawo maka tana nan?"

Ya ce, "Glennie, ba a waya ba."

Na ce, "A waya. Ka sa hannu kafin Asabar, ka gaya wa ɗan jaridar da bakinka uban wa ke kwance a tudun nan. Ka ce kuskure aka yi, ka ce kunya ta hana ka gyarawa, ka ce duk abin da ka ga dama, zan tsaya kusa da kai in riƙe hannunka. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Kashe ni za ki yi?"

"Mutum nawa za a kashe a gidanku saboda waƙa ɗaya?"

Wata a kan layi ta saki dariya ta toshe baki. Shi kuwa muryarsa ta karye. Ya ce shekara shida yana waƙa a mashaya ana jifan sa da kwalabe kafin ya kai nan. Ya ce in ba shi shekara ɗaya kacal, in ya kafu ba mai iya girgiza shi, sai ya faɗi komai. Ya ce, "In kina so na, Glennie, ki dafa waken nan ki yi murmushi, awa biyu ne." Na ce ina son sa. Na ce zan dafa waken. Ya ce to ya gode, ya ajiye waya, ina jin ya ɗauka na sauko.

Na karanta gargaɗinki sau da yawa, wannan karon ban karkatar da ko layi ɗaya ba. Na san ba farar riga, ba mai miƙo mini hannu daga dandamali. Wataƙila garin nan ma su daina gaishe ni, su ce na yi wa ɗansu baƙin ciki. Da sunana ne kawai, ina jin da na iya jiran shekarar, mata da yawa sun jira abin da ya fi haka. Amma Baba ya yi shekara goma sha tara yana shiga ramin nan, abin da ya rage masa a duniya dutse ɗaya ne da sunansa a kai, ba zan dafa abinci ina murmushi ana tare shi ba.

Ki sa Opal ta kwashe yadin daga kan gadon, ban sani ba ko zan buƙace shi. Ranar Asabar zan ba su abinci su ƙoshi, sannan in raka su tudu. In Delmer bai yi magana ba, zan ce ya matsa gefe ɗan jaridar ya karanta sunan, in gaya masa ubana ne, kuma ni na rubuta waƙar.

'Yarki,
Glenna Faye Mullins Tackett